Kaskon Turaren Da Ya Kusa Raba Gida

 Muna neman izininku mu ba ku labarin wani kaskon turare. Mun san mai karatu zai ce, mene ne abin labari a kasko, abin da kowace uwargida ke da biyu ko uku a ƙarƙashin gado? To, wannan kaskon ba irin na ƙarƙashin gado ba ne. Ya kusa raba ƴaƴan mutum guda, kuma da hannunmu dumu-dumu a cikin ɓarnar, shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Mu dai a gidan liman muka tashi, a unguwar Birni ta Damagaram, kuma ba za mu iya tuna ranar da muka fara ganin kaskon turare ba, kamar yadda ba za mu iya tuna ranar da muka fara ganin buta ba. Na mahaifiyarmu na yumɓu ne, bakinsa ya ɗan gutsure, cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Daren Juma'a takan zuba garwashi, ta barbaɗa haɗin da take saye wajen wata tsohuwa Babarbariya, sandal da gajiji da farce da jawul, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa babbar rigar Malam bisa kwandon har hayaƙi ya ratsa ta. Malam shi ne mahaifinmu. Haka duk unguwa ke kiransa, mu ma haka muka taso muna kiransa. Washegari kuwa aikinmu ne, mu yaran gida, mu zagaya sahu-sahu da kasko kafin mutane su cika masallaci. Idan muka yi ƙorafin yana ƙona mana hannu, sai Malam ya tuna mana cewa a cikin malaman da Imamu Malik ya ɗauki hadisi wurinsu a Madina akwai Nu'aimu, wanda ake yi wa laƙabi da al-Mujmir, wato mai turarawa, saboda hidimar turara masallacin Annabi. Ya ce aikin da ya zama wa babban malami suna bai fi ƙarfin hannun yaro ba.

A shekarar 2019 Allah Ya yi wa wani attajiri na unguwarmu rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Fataucin fata da ƙirgi ya yi, kuma a shekarun 1980 yakan je Faransa wajen abokan cinikinsa. Ya bar mata biyu da ƴaƴa goma sha ɗaya, uku daga ciki ba su balaga ba. Bayan sadakar arba'in aka kira Malam rabon gado, muka bi shi da littafi da alƙalami don mu riƙa rubuta lissafi. Gidaje da gonaki da motoci ba su ba da wahala ba, domin dillalai sun san farashinsu. Sai da aka zo ɗakin baƙi, babban ɗan ya buɗe wata kabad ta gilashi, ya ɗauko wani abu ya ajiye a tsakiyar darduma.

Tsayinsa ya kai kamu guda. Yana tsaye bisa ƙafafu uku, kowace ta ƙare da kofato, a samanta kuma kan rago da ƙahonni a murɗe. Tsakanin kawunan an rataya ganyen inabi da ƴaƴansa, an fitar da jijiyar kowane ganye kamar yanzu aka tsinko shi. A tsakiya ga wata ƴar tasa mai murfi, murfin an huhhuda shi kamar rariya don hayaƙi ya fita. Duk jikinsa rawaya ne mai ɗaukar ido, an kafa shi bisa farin dutsen marmara. Tare da shi akwai wata takarda da ta tsufa, rasiɗin wani shago na birnin Paris mai ɗauke da shekarar 1984. Malam ya miƙo mana ya ce: "Kai da ka yi lakwal, karanta mana abin da suka ce."

Abin da ke rubuce shi ne: brûle-parfum en bronze doré, style Louis XVI, dans le goût de Gouthière. Muka gyara murya, muka fassara wa jama'a cewa kaskon turare ne na zinariya, na zamanin Sarki Luwi na 16, aikin wani mai suna Gouthière. A cikin jimla guda muka yi kuskure uku. Doré ba zinariya ba ce, ruwan zinariya ne bisa tagulla, kuma mun san haka, harshe ne ya yi gaggawa. Sauran biyun kuwa ba mu ma san kurakurai ne ba sai daga baya. Ɗakin ya yi tsit. Malam ya ce a ajiye wannan a gefe sai an bincika, aka ci gaba da ƙirga darduma da agogon bango, amma kowa ya san hankalin ɗakin ya koma wuri guda.

Da daddare muka shiga intanet da wayarmu muna neman wannan suna, kuma abin da muka gano ya hana mu barci. Pierre Gouthière an haife shi a 1732, kuma shi ne gwanin gwanaye a Faransa wajen sassaƙar tagulla da shafa mata zinariya. A wancan zamani manyan gidajen Faransa sun cika da irin wannan aiki: agogo, mazaunin kyandir, hannun ƙofa, kusurwar tebur, ƙarafan murhu, duk tagulla ce mai ruwan zinariya wadda suke kira bronze doré ko or moulu, wato niƙaƙƙiyar zinariya. Ba mutum guda ke yin abu guda ba. Mai zane ya zana, mai sassaƙa ya fitar da siffa da kakin zuma ko itace, mai zubi ya narka tagulla ya zuba, sannan mai ƙwarzane ya zauna da ƙananan kurfi da guduma yana fitar da gashin rago silli-silli, daga ƙarshe mai shafa zinariya ya karɓa. Duk wanda ya taɓa zama wajen maƙeran Agadas yana kallon yadda suke zubin azurfa da kakin zuma ya san tushen sana'ar, sai dai can an kai ta inda ido ke ruɗewa. Masu zubi da masu shafawa ƙungiyoyi biyu ne masu gaba da juna, har sai da aka haɗe su a 1776.

Kaskon turare kuwa yana da babban matsayi a gidajen, don mutanen lokacin sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo annoba, ga shi kuma birane da fadoji ba su rasa wari ba. Sukan ƙona ƴan dunƙulen ƙamshi da aka haɗa da gawayi da ƙaro iri-iri, musamman wanda suke kira benjoin. Wannan suna ma daga Larabci ya samo asali, luban jawi, ƙaron da fatake ke kawowa daga tsibiran Jawa da Sumatra. A Ingila ma wani mai masana'anta a kusa da Birmingham, Matthew Boulton, wanda daga baya ya yi tarayya da James Watt wajen ƙera injin tururi, ya yi wannan sana'a a shekarun 1770, yana ɗora tagulla mai ruwan zinariya bisa wani dutse mai ratsin shuɗi da ake haƙowa a Derbyshire, yana kai wa masu kuɗin Landan gwanjo. Bai ci riba a kanta ba.

Amma abin da ya ɗauke mana hankali shi ne hoton wani kasko da Gouthière ya yi wa wani basarake, duc d'Aumont. Tasarsa ta jan dutse ce, tana bisa ƙafafu uku masu kofato, da inabi a rataye, da maciji a naɗe a tsakiya. Da basaraken ya mutu a 1782 aka yi gwanjon kayansa, Sarauniya Mari-Antuwanet ta saye shi a kan livre 12,000, kuɗin Faransa na lokacin. Yau yana gidan tarihi na Wallace a Landan. Muka dubi hoton, muka tuna na ɗakin Alhaji: ƙafa uku, kofato, inabi. Da gari ya waye muka haɗu da ɗaya daga cikin ƴaƴan marigayin, sa'anmu ne, tare muka yi makarantar allo, muka nuna masa hoton a waya. Ba mu ce masa shi ne ba. Mun dai ce masa ya duba kamar.

Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa Alhaji ya bar kaskon sarauniyar Faransa. Kafin Juma'a an kai labarin Kasuwar Dole, an ƙara masa da cewa zinariya ce tsantsa kilo biyar, kuma masu lissafi sun buga sun ce ta haura miliyan 100 na sefa. Babban ɗan, da ya ji haka, ya ɗauke kaskon daga ɗakin baƙi ya kulle a ɗakinsa, ya ce don tsaro. Ƴan ɗakin amarya suka ce sun gane irin wannan tsaron. Aka tono tsofaffin maganganu, har da wanda aka biya wa Hajji da wanda ba a biya wa ba. Ƴan uwan da ke cin tuwo a akushi guda suka koma kowa da kwanonsa. Amaryar marigayin, tana cikin takaba, ta aiko wa Malam da saƙo ta bakin yayanta cewa marayunta uku suna wuyansa, Allah Yana gani.

Malam bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Bayan sallar isha'i ya kira mu zaure ya ce: "Takardar nan, ka karanta ta ne ko ka fassara mafarkinka?" Muka sunkuyar da kai. Ya ce gobe mu je mu ɗauko masa maƙerin farin da ke yi wa mata awarwaro a bakin kasuwa.

Maƙerin tsoho ne, ya fi shekara arba'in yana taɓa zinariya da azurfa. Aka tara magada, aka fito da kaskon. Tun kafin ya taɓa shi ya ce: "Allah gafarta Malam, da zinariya ce da yaron nan bai shigo da ita yana magana ba." Ya bayyana cewa zinariya ta ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu, abu mai wannan girma da sai an yi nishi. Ya kwance dutsen da ke ƙasa, ya goga zarto a tafin kofato guda inda ido ba ya kaiwa, ya ɗiga ruwan gwajinsa, wurin ya yi kore yana tafasa. Tagulla ce. Zinariyar da ke kai, in ji shi, ba ta kai kaurin fatar albasa ba, kuma da za a kankare ta duka ba za ta yi wa yarinya ɗan kunne mai kyau ba.

A nan Malam ya sa aka ɗauko masa Muhtasar na Shaihu Halil da sharhinsa, ya yi wa magada karatun da mu kanmu muka ƙaru da shi. Ya ce hadisi ya inganta a Buhari da Muslim kan hana ci da sha a ƙwaryar zinariya da azurfa, kuma malamai ba su tsayar da hanin ga ci da sha kaɗai ba, sun haɗa da butar alwala da tandun kwalli da kaskon turare. Hanin kuma ya hau kan maza da mata baki ɗaya. Abin da aka halatta wa mace shi ne adon jikinta, ban da kwanonta. A mazhabarmu ko ajiye irin wannan ƙwarya ba tare da amfani da ita ba haramun ne. Saboda haka da kaskon zinariya ne, da sai a fasa shi a sayar da nauyinsa, a kuma bincika zakkar shekarun da ya yi a kabad, tunda nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85. Amma cikin abubuwan da Halil ya ambaci saɓani a kansu akwai waɗannan biyu: zinariyar da aka lulluɓe da tagulla, da tagullar da aka shafa wa zinariya. Ta farko masu sharhi sun rinjayar da hani, don abin lura shi ne ciki. Ta biyun kuwa, bisa wannan ma'auni, da yawa sun karkata ga halacci. Shafi'awa su kuma suna da nasu awon: idan an sa abin a wuta aka tatso zinariyar da za a iya tarawa, haramun ne, in ba a samu komai ba, babu laifi.

Wani daga cikin magada ya tambayi hukuncin kawunan ragunan. Malam ya ce abin da Malikawa suka haramta shi ne mutum-mutumin mai rai, mai inuwa, cikakken halitta. Wanda aka tauye masa abin da ba zai rayu ba sai da shi, kamar kai ba gangar jiki, bai kai haramun ba, ko da yake barinsa ya fi. Mu kuma, da yake ɗan boko ba ya rasa abin cewa, muka nuna masa a waya cewa Musulmi ma sun yi irin wannan. Akwai kaskon tagulla mai siffar zaki sukutum, tsayinsa ya haura santimita 80, wanda Ja'afaru ɗan Muhammadu ɗan Ali ya ƙera wa wani amiri a ƙasar Hurasan a shekarar 577 ta Hijira, wato 1181 zuwa 1182. Ana cire kansa a zuba garwashi, hayaƙi ya riƙa fita ta hudojin jikinsa, yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Akwai kuma na amiri Baisari na daular Mamaliku, dunƙulalle kamar ƙwallo, an yi masa ado da azurfa, a cikinsa an rataya ƴar tasar wuta bisa zobba ta yadda ko an mirgina shi garwashi ba ya zubewa; shi yana babban gidan tarihin Birtaniya. Malam ya daɗe yana duban zakin, ya yaba hannun maƙerin, sannan ya miƙo mana wayar ya ce aikin sarakuna ba hujja ba ne a fiƙihu.

Gwajin maƙeri ya warware matsalar shari'a, amma bai kashe rigimar ba, kuma nan ma laifinmu ne. Abokin namu ya miƙe ya ce shi bai taɓa cewa zinariya ce ba. Na sarauniyar ma ai tagulla ce, darajarsa a hannun wanda ya yi shi take, kuma ɗan liman da kansa ya karanta sunan maƙerin a takarda. Gaskiya ya faɗa. Ba mu da abin cewa. Sai muka roƙi a ba mu mako biyu, muka kwance kaskon gunduwa-gunduwa a gaban shaidu, muka ɗauki hotonsa ciki da waje har da kusoshinsa, muka aika wa wani abokin karatunmu na lise da ke zaune a Lyon, ya kai wa wani mai kimanta tsofaffin kaya a gidan gwanjo.

Kafin amsa ta zo muka ci gaba da karatu, wannan karon a natse, kuma a nan muka ci karo da abin da ya sauya mana kallon dukan wannan ƙyalƙyali. Yadda ake shafa zinariyar a zamanin Gouthière shi ne a narka ta cikin zaiba har ta zama kamar man shanu, a shafa wa tagullar da burushin waya, sannan a ɗora bisa garwashi. Zaiba tana tafasa a wajen digiri 357, sai ta tashi ta bi iska, ta bar zinariyar manne da ƙarfen, a goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Wannan tururin kuwa ba inda yake zuwa sai ƙirjin mai aikin da na yaransa. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Ramazzini, ya bayyana halin masu wannan sana'a a littafinsa kan cututtukan ma'aikata. Hannu ya kama rawa har mutum ya kasa kai loma baki, dasashi ya ruɓe, haƙora su zube, harshe ya sarƙe. Abin ya dami wani mai sana'ar tagulla a Paris, Ravrio, har da zai mutu a 1814 ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya gano yadda za a kare masu aikin. Wani masanin haɗa sinadarai, d'Arcet, ya ci kyautar a 1818 da wani murhu mai bututun da ke zuƙe tururin ya fitar waje. Sai a 1840 ƴan gidan Elkington na Birmingham suka yi rajistar hanyar shafa zinariya da lantarki, kamfanin Christofle na Paris ya sayi izininta a 1842, sannu a hankali ta ture tsohuwar.

Shi kansa Gouthière bai mutu da arziki ba. Manyan da yake yi wa aiki ba sa biya a kan kari, Madame du Barry ta riƙe masa maƙudan kuɗi har aka sare mata kai a 1793 ba ta biya ba. Ya karye tun kafin juyin juya halin 1789, ya mutu a 1813 cikin talauci.

Da muka ba maƙerin farin nan labarin zaiba, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai abin da ake yi ke nan a ramukan zinariya, sai dai a juye: can ana zuba zaiba cikin garin dutse ta kama zinariyar, a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen a cokali ko gwangwani, yaro na tsugune a kai yana hura wuta. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 samarinmu nawa suka tafi, ban da masu zuwa Komabangu tun da daɗewa? Ya ce ɗan ƙanensa ya dawo da ƴan kuɗi da kuma hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi, ana ta kai shi wajen masu ruƙiyya. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da zaiba, ta fara aiki a 2017, amma wanda ke bakin rami bai san da ita ba. Muna roƙon iyayen da ƴaƴansu ke wannan nema su faɗa musu, kada a ƙona dunƙulen nan cikin ɗaki ko kusa da inda ake girki, kada kuma mai ciki ko ƙaramin yaro ya matso. Wanda rawar hannu ta kama a kai shi likita, a kuma faɗa wa likitan aikin da yake yi.

Amsar Lyon ta zo a rana ta goma sha biyu, gajera ce. Mai kimantawar ya ce aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne, lokacin da masana'antun Paris ke kwaikwayon kayan tsofaffin sarakuna suna sayar wa sababbin masu kuɗi. Ya gane haka daga kusoshin, waɗanda zarensu ya tafi daidai irin na inji, da kuma zinariyar da ta shiga har bayan ganyaye da cikin tasa bai ɗaya, alamar an tsoma shi ne a ruwan lantarki; mai shafa zaiba da hannu ba ya ɓarnar zinariya a inda ido ba ya gani. Ya ce abu ne mai kyau, a gwanjo zai iya yin Yuro 800 zuwa 1,200, wato tsakanin jika 500 da jika 800, kafin a cire kuɗin aikawa da la'ada. Sannan ya ƙara da layi guda da ya fi komai yi mana zafi: ai rasiɗin ma ya faɗa.

Lalle ya faɗa. A harshen masu wannan ciniki, idan aka ce d'époque ana nufin an yi abin a zamanin da aka ambata. Idan kuwa aka ce style, ko dans le goût de, ko à la manière de, to salo ne kawai aka kwaikwaya, ba a lamunce maka zamani ko maƙeri ba. Ba al'ada ce kawai ba, doka ce ta 3 ga Maris 1981 wadda suke kira décret Marcus, shekara uku kafin Alhaji ya shiga shagon. Mai shagon bai cuce shi ba, ya rubuta gaskiya. Mu ne muka yi shekara bakwai tsakanin kwaleji da lise, muka ci jarrabawar Faransanci, muka kasa bambanta kalmomi biyu, ga shi a zaure ba za mu taɓa yarda wani ya fassara makaruhi da haramun ba. Masu karatunmu da ake miƙo wa takardun asibiti da na fili da na kotu a ce su fassara, don su ne ƴan lakwal na gida, sun san irin nauyin da muke nufi.

Malam ya sake tara magada, ya sa muka karanta wasiƙar da Faransanci, muka fassara ta kalma-kalma, sannan ya ce mu faɗi kuskurenmu da bakinmu. Muka faɗa, muka nemi gafarar kowa, har da Hajiya amarya ta bayan labule. Aka yi wa kaskon kuɗi jika 600, babban ɗan ya ce a saka masa a cikin rabonsa don tunawa da mahaifinsa, aka cire sumunin matan biyu, aka raba saura, namiji rabon mata biyu, aka damƙa na marayu ga wasiyyinsu a rubuce. Da ake naɗe darduma Malam ya tambayi uwargidan marigayin, ta bayan ƙofa, wane irin turare Alhaji ke sawa a ciki. Ta ce: "Allah gafarta Malam, ai ba a taɓa sa masa wuta ba. Cewa ya yi hayaƙi zai ɓata shi." Shekara talatin da biyar yana cikin gilashi, ita kuwa da na yumɓu na dala 40 take turara masa riguna.

Mafi yawan magadan sun koma cin abinci tare kafin matan su fita takaba. Abokin namu dai bai gamsu ba. Ya ce an haɗa baki ne da babban wansa da ɗan liman da wani Bature da ba wanda ya gani, aka sayar wa mutum guda kayan sarauniya a kuɗin babur. Mun kai masa wasiƙar har gida, mun ce ya kai wa duk wanda ya yarda da Faransancinsa, ya ƙi karɓa. Idan muka haɗu a hanya yakan amsa sallama, amma tun daga wannan shekara ya daina sallah a bayan Malam, yana tsallake masallacinmu ya tafi na bakin kasuwa.